Ranar da Aradu Ya Kawo Dokar Inuwa

A zauren majalisa akwai kujerun gaba, inda manya ke zama kyamara tana ɗaukarsu, akwai kuma kujerun baya, can sama jikin bango, inda na'urar sanyaya ɗaki ke ɗigar wa mutum ruwa a ƙeya. A jeren ƙarshe na bayan nan, a lungun da ko Kakakin majalisa sai ya kare ido da hannu kafin ya hango, nan wakilinmu yake zama. Aradu ake ce masa. Shi ya raɗa wa kansa sunan, kuma wannan ne karo ɗaya da na san ya faɗi gaskiya. Allah bai ba shi hujja ba, bai ba shi haƙurin karanta takarda ba, amma ya ba shi maƙogwaro.

Ga yadda aikin yake. In an gama muhawara a kan ƙudurin doka, Kakaki zai ce masu goyon baya su ce "E", sannan masu adawa su ce "A'a". Ɓangaren da ya fi ƙara shi ya ci, sai a buga guduma. To, 'yan kujerun baya ba sa wahalar da kunnensu da muhawara. Wani na latsa waya, wani na hira, wani ya yi nisa a barci. Mutum ɗaya suke lura da shi, wato mai tsawatarwa na jam'iyya, wani siririn dattijo mai tabarau da kowa ke kira Bulala. In lokacin ƙuri'a ya zo tabarau yana kan hancin Bulala, ƙuduri ya tsira. In kuwa ya cire shi, ya ɗaga sama yana gogewa da hankici, an yanke wa ƙudurin hukuncin kisa, kuma Aradu ne mai zartarwa.

Da ya ga hankicin nan sai ya cika ƙirji ya saki "A'a" ɗaya, gilasan taga su amsa, masu barci su farka a firgice su bi bayansa. Haka ya cinye kusan duk wa'adinsa. Bai taɓa tambayar me ke cikin ƙudurin ba, kuma bai taɓa jin kunya ba.

"Ni fa ban zo nan surutu ba," in ji shi a ɗakin shan shayi na 'yan majalisa. "Ƙudurorin da na binne a zauren nan, in aka jera su sai an nemi ƙarin fili."

Maƙwabcinsa a kujera wani likita ne mai sanyin hali, wanda ya daɗe yana haɗa ƙudurin kai ungozoma ƙauyuka. Ranar da ya gabatar, Bulala ya goge tabarau, Aradu ya yi aikinsa, har kunnen Likita na dama ya kwana yana ƙara. Bayan an tashi Aradu ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ba gaba ba ce, Likita, aiki ne."

Ana nan sai zaɓen fid da gwani ya ƙarato. Shugaban jam'iyya na mazaɓarmu ya zo gidan Aradu da rana tsaka, ya ƙi zama a kujerar da aka nuna masa, ya ƙi shan lemon da aka kawo. A falon akwai yayar Aradu, shugabar matan kasuwa, wadda ta goya shi yana ƙarami kuma ta sake goya shi zuwa majalisa da ƙuri'un matanta.

"Honorabul," in ji Shugaba, "deliget suna tambayata me wakilinmu ya kawo. Na ce musu yana da murya. Suka ce jakin mai itace ma yana da ita, kuma shi ba a ba shi mota."

"Hassada ce, ranka ya daɗe."

"Ko ma mece ce, akwai wani matashin lauya da ke zagaya gidajensu yana gaisuwa. In ba ka kawo doka mai sunanka kafin ranar nan ba, tikitin ba naka ba ne. Na faɗa maka a gaban Yaya don kada gobe a ce ban faɗa ba."

Aradu ya yi dariya har da buga cinya. "Doka? Doka kawai? Ai da ka yi magana tun tuni. Dokoki ne cunkushe a kaina, hanyar fita suke nema."

"To a buɗe wa ɗaya ƙofa," in ji Shugaba, ya sa kai ya fita.

Wadda ta fara fitowa ita ce dokar hana zakara cara kafin gari ya waye. Lauyar da ke tsara wa 'yan majalisa ƙuduri ta tambaye shi wa za a kama, zakaran ko mai shi, sai ya ce zai yi nazari. Ta biyu ita ce dokar da za ta tilasta wa fitilar kan titi ta ba da hannu in ta ga motar ɗan majalisa. Lauyar ta ce tana da taro. Daga nan ƙofar ta rufe, dokokin da suka rage a kan nasa suka ci gaba da zamansu.

Yaya ce ta same shi ya zabga tagumi. Ta kwance mayafi ta nuna masa bayan wuyanta, wanda rana ta mayar baƙi ƙirin.

"Auta, dubi nan. Tun kana rarrafe nake soyuwa a kasuwar nan. Kayanmu na miya kafin azahar sun yanƙwane, jarirai na kuka a baya, makon jiya wata ta yanke jiki ta faɗi a kan tirenta. Ka sa a yi doka, kowace kasuwa da kowace tasha a yi mata rumfa. Shi ke nan abin da muke so."

"Haba Yaya, rumfa? Ni Aradu in tashi a zauren majalisa in ce rumfa? Wannan ai aikin kafinta ne."

Washegari ya tara 'yan jarida ya shaida musu cewa bayan dogon bincike da tuntuɓar masana, ya gano babbar matsalar talaka ita ce rana. Ya ce zai gabatar da Dokar Inuwa, kuma jikoki za su karanta sunansa a makaranta. Ya so a kafa hukuma mai hedikwata da jerin motoci, lauyar ta datse duk wannan ta bar rumfunan Yaya. Bai lura ba, domin bai karanta ba. Hankalinsa yana wurin masu buga lema, inda ya sa aka buga masa tuli, kowace da hotonsa yana murmushi, a ƙasa an rubuta "Aradu Uban Inuwa".

Sai dai akwai wata ƙa'ida da ya manta. Ƙuduri ba ya motsi sai wani ɗan majalisa ya tashi ya ce ya mara masa baya. Aradu ya waiga dama da hagu a jeren baya, ya tarar babu kujerar da bai bar mata gawa ba.

Ya fara da Likita. "Maƙwabci, ai ka ji labarin dokata. Na zaɓe ka ka samu albarkar mara mata baya."

"Da wane kunne zan ji? Na daman har yanzu ƙara yake."

"Haba, abin da ya wuce ai ya wuce."

"Ungozomar ma ta wuce," in ji Likita, ya ci gaba da duba wayarsa.

Ya je wurin wata 'yar majalisa, tsohuwar shugabar makaranta, wadda ya kashe wa ƙudurin gyaran ajujuwa. Ta saurare shi har ƙarshe, ta ce ya maimaita, ya maimaita. Sannan ta gyara zama ta ce, "Ka iya sauraro kuwa, Honorabul? To saurara da kyau. A'a." A hankali ta faɗa, tana murmushi, ta ce ita ba a ba ta irin baiwarsa ba.

Daga ƙarshe ya faɗa kan Baba Gyangyaɗi, ɗan majalisar da ya fi kowa daɗewa a zauren, mai zama a bakin hanyar jerensu. Baba ba ya riƙe kowa a zuci, don bai taɓa farkawa ya ga abin da aka yi masa ba. Suka shirya cewa in lokaci ya yi Aradu zai taka masa ƙafa, shi kuma ya miƙe ya ce, "Na mara baya, mai girma Kakaki," ya koma ya ƙarasa barcinsa. Suka gwada a ɗakin shayi, abu ya tafi daidai.

Saura Bulala. Aradu ya same shi a ofis, ya rusuna har hularsa ta nemi faɗuwa.

"Ranka ya daɗe, alfarma ɗaya. Ranar nan a bar tabarau ya huta."

"Gwamnati ba ta da faɗa da rumfa," in ji Bulala. "Zan bar shi a hanci."

"Ko ƙuda ya sauka a kai, ranka ya daɗe."

"Ko ƙuda. Amma ka ji shawara. Ka zauna a kujerarka, ka taƙaita magana, in ka gama ka natsu har a buga guduma."

"Ni za a koya wa majalisa?" in ji Aradu bayan ya fito, yana gaya wa direbansa. "Tsufa dai bai yi ba."

Ranar karatu na biyu, ranar da ake muhawara a kaɗa ƙuri'a, matan kasuwa suka rufe tirensu suka bar cinikin yini guda. Yaya ta cika motoci da su, kowace da lemarta. Aka hau da su benen baƙi, inda ake zama a kalli zauren daga sama, aka gargaɗe su cewa baƙo ba ya magana, ba ya tafi, ba ya ɗaga komai. Shugaban jam'iyya ma ya zo, ya zauna a gefe ya harɗe hannu.

Aradu ya shigo cikin sabon ɗinki mai faɗin hannu, wanda sitaci ya sa yake ƙara in ya motsa, gashinsa da fuskarsa sun sha mai suna walƙiya. Da matan suka hango shi, sai suka buɗe lemominsu gaba ɗaya kamar yadda ya umarce su tun a mota. Kakaki ya ɗaga kai ya ga fuskar Aradu jere a sama tana yi masa murmushi.

"Ruwa ake yi a benen baƙi?" ya tambaya.

Dogaran majalisa suka hau suka kwashe lemomin, suka tara su a bakin ƙofa. Yaya ta sunkuyar da kai, ta ce wa na kusa da ita a yi haƙuri, dokar dai ake so.

Shi kuwa gogan bai hau lungunsa ba. Ya ga kujerar shugaban masu rinjaye babu kowa, ga ta daidai saitin kyamara, sai ya baje a kai ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Da magatakarda ya kira ƙudurinsa ya miƙe ya gyara murya.

"Wane ne wannan?" in ji Kakaki. "An yi sabon shugaban masu rinjaye ban sani ba?"

"Ni ne, mai girma Kakaki. Aradu."

"Muryar na sani, fuskar ce ban taɓa gani kusa ba. Honorabul, doka ta ce ba a sauraron ɗan majalisa sai daga kujerarsa. Ina taka?"

Aradu ya nuna can sama.

"To a sauka lafiya. Kafin ka isa bari in yi wata sanarwa."

Ya kama hawa, riga na ƙara, zauren na dariya ƙasa-ƙasa. Kakaki ya shiga sanar da cewa banɗakin hawa na sama ya toshe, a daina amfani da shi. Daidai lokacin Aradu ya iso jerensu, yana kutsawa hannun rigarsa ya rufe masa ido, ya sauke dunduniya a kan ƙafar Baba Gyangyaɗi. Baba ya miƙe tsaye cak.

"Na mara baya, mai girma Kakaki."

"Mun gode, Baba," in ji Kakaki. "A rubuta cewa toshewar banɗaki ta samu goyon baya."

Baba ya koma ya zauna da kwanciyar hankalin wanda ya sauke nauyi, ya shiga wani barcin da ya fi na farko nauyi.

Aradu ya danna makirufon kujerarsa, wanda tun da aka rantsar da shi bai taɓa kunnawa ba. Makirufon ya yi tari ɗaya ya mutu. "Ba na buƙata," in ji shi, kuma kowa ya yarda. Ya fara jawabi daga ranar da aka halicci rana. Ya bi ta kan nisanta da duniya, ya kawo alƙaluman da shi kaɗai ya san inda ya samo su, ya ratsa ta tarihin kakansa da ya ce shi ya fara dasa bishiya a yankinmu. Gumi ya karyo masa, ya haɗu da man da ya shafa, ya riƙa gangarowa ta haɓa. Sitacin rigar ya saki. Har yanzu bai ambaci rumfa ba.

"Honorabul," in ji Kakaki, "rana ta kusa faɗuwa, ka ga dokar ba za ta yi amfani ba. Me kake roƙo?"

Aradu ya tsaya. Ya juya takardar hannunsa, ya sake juyawa. Likita ya miƙo yatsa ba tare da ya kalle shi ba, ya ɗora a kan layin. Aradu ya karanta, karo na farko a rayuwarsa, cewa a wajabta gina rumfa a kowace kasuwa da tasha.

"Akwai mai mara baya?"

Aradu ya miƙa ƙafa ya taka Baba. Ko motsi bai yi ba. Ya ƙara takawa. Baba ya yi juyi ya ce a bar shi ya riga ya yi. Kakaki ya ɗaga guduma zai yi watsi da ƙudurin, a sama Yaya ta dafe ƙirji. Sai Likita ya miƙe a hankali.

"Na mara baya, mai girma Kakaki. Don matan da ke sama na yi, a rubuta haka. Mai ƙudurin kuwa, Allah ya shirye shi."

Daga nan abin mamaki ya faru, wanda ba a saba gani a zauren ba: mutane suka saurara. Tsohuwar shugabar makaranta ta tashi ta ce mahaifiyarta a rana ta yi ciniki har ta makance. Wani ɗan adawa ya ce tun da yake bai taɓa zaton zai yarda da Aradu a kan ko gaisuwa ba, amma wannan doka ce mai kyau. Bulala ya gyaɗa kai, tabarau daram a hanci. A bene Yaya tana share hawaye da gefen mayafi. Daɗi ne ya kama ta, irin na wadda ta daɗe tana kare ƙaninta a gaban mutane, yau ga shi zai fitar da ita kunya.

Da Aradu ya zauna ya natsu kamar yadda aka ce masa, da yanzu muna cikin inuwa. Amma yabo ya hau masa ka. Ya ga kyamara tana kan jeren gaba, ya ga tarihi zai wuce babu shi a hoto. Sai ya tattare riga ya gangaro da gudu, ya nufi Bulala hannu a buɗe.

"Uban gidana! Mai cika alkawari!"

Kafin dattijon ya kauce an rungume shi. Aradu ya matse shi a ƙirji, ya goga masa kumatun dama, ya goga na hagu, duk mai da gumin da suka taru tun daga halittar rana suka sauka a kan tabarau.

"Honorabul, koma kujerarka," in ji Kakaki, yana buga tebur. "Zan sa ƙuri'a yanzu."

Aradu ya sake kama hawa, yana haki, yana ɗaga wa bene hannu biyu.

"Masu goyon bayan wannan ƙuduri su ce E."

Aka ce "E". Ba laifi, ta fito, irin ta mutanen kirki da ba su saba ihu ba. Mai ƙudurin bai sa baki ba. Numfashinsa ya ƙare a matakala, kuma ko da bai ƙare ba, maƙogwaron nan bai taɓa koyon wannan kalma ba. Ya faɗa kujerarsa, idonsa ya tafi inda ya saba zuwa.

A can gaba, Bulala ba ya ganin komai sai hazo. Bai ga Kakaki ba, bai ga takardar gabansa ba, bai ma san an kai ga ƙuri'a ba. Ya yi abin da duk mai tabarau zai yi. Ya cire, ya ɗaga sama saitin fitila, ya zaro hankici.

"Masu adawa su ce A'a."

"A'A!"

Waɗanda suka daɗe a majalisar sun ce ba su taɓa jin irinta ba. Gilasan taga suka amsa, wata mata a bene ta saki jakarta. 'Yan jeren baya da suka koma waya da barci tun a tarihin kakan Aradu suka zabura suka bi bayansa kamar kullum, har da Baba Gyangyaɗi, wanda ya ƙara da cewa ya mara baya. Aradu ya jingina yana murmushin gwani, yana jiran a yaba. Sai da ya ga Likita ya toshe kunne yana kallonsa baki buɗe, sannan murmushin ya fara narkewa.

"Masu A'a sun yi rinjaye," in ji Kakaki, ya buga guduma. "Ƙuduri ya faɗi."

Aradu ya miƙe. "Mai girma Kakaki, gyara. Ba ni ba ne."

"Wane ne?"

"Maƙogwarona ne. Sabo ne kawai."

"Da kai da shi mazaɓa ɗaya kuke wakilta, Honorabul."

"To a sake. Wallahi yanzu E zan ce, a ji yadda zan faɗe ta."

"Ƙudurin da ya faɗi ba ya dawowa sai sabuwar majalisa. Kai ya kamata ka fi kowa sani, kai ne mai maƙabartar."

Aradu ya juya ga Bulala. "Ranka ya daɗe, ka ce ko ƙuda."

Bulala ya mayar da tabaraunsa, ya dube shi sama da ƙasa. "Ƙuda na yi wa alkawari. Ban san bijimi ne zai sauka ba."

Likita ya tattara takardunsa, ya dafa kafaɗar maƙwabcinsa da tausasawa. "Ba gaba ba ce, Honorabul," ya ce. "Aiki ne."

A waje rana tana nan inda aka bar ta. Matan suka fito suka tsaya a filin ajiye motoci, dogarai suka mayar musu da lemominsu, babu wadda ta buɗe tata. 'Yan jarida suka yi wa Aradu zobe, shi kuwa ko a nan bakinsa bai mutu ba. Ya ce abin da suka gani dabara ce ta siyasa mai zurfi wadda ƙaramin kai ba zai gane ba, ya ja da baya ne don ya yi tsalle. Wani ya tambaye shi ina zai dira, ya ce lokaci zai nuna.

Yaya ta ratso ta tsakiyarsu. Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi tsorata shi.

"Auta, matan nan sun bar cinikinsu saboda na ce su yarda da kai. Na ji maƙiya sun ce E. Na ji mutumin da ka kashe wa nasa ya tashi ya taimake ka. Mutum ɗaya ne ya tsaya tsakaninmu da rumfar nan, kuma ni na goya shi."

"Yaya, tabarau ne fa..."

"Na gani. Ashe haka ake yi. Na gode da ka koya mini."

Ta miƙa masa lemarta, ta juya. Sauran matan suka bi layi, kowace ta ajiye tata a gabansa, har tulin ya kai masa gwiwa. Shugaban jam'iyya ya wuce ta gefensa yana waya, an ji yana cewa, "Barista, kana gida?"

Gidajen rediyo suka samu abin yi. Aka yanko "A'a" ɗin nan ana sakawa safe da yamma. Masu shago suka riƙa kunna wa mai neman ragi, iyaye mata suka riƙa tsorata yara da ita. Duk da haka Aradu ya sayi fom ya tsaya takara, yana cewa jama'a sun san darajar wakilin da duk ƙasa ta san muryarsa.

Ranar zaɓen fid da gwani ɗakin taro ya cika. Aradu yana kan dandamali a sabon ɗinki, matashin lauyan yana gefe da 'yar jakarsa. Matan kasuwa, waɗanda su ne rabin deliget, sun cika kujerun gaba. Yaya tana tsakiyarsu, sanye da wani tabarau da ta saya a bakin titi da safen nan, ita da idonta ke hango canji daga ƙarshen kasuwa.

Shugaban jam'iyya ya ce kafin a wahalar da akwati, bari a gwada irin ta majalisa, tunda Honorabul ya fi sabawa da ita.

"Masu son Honorabul Aradu ya koma su ce E."

Aradu ya buɗe baki, ya ƙoƙarta, wata 'yar siririyar "E" ta fito ita kaɗai ta ɓace a ƙarƙashin ƙarar fanka.

"Masu adawa fa?"

Yaya ta dubi ƙaninta ido cikin ido. Ta cire tabarau, ta ɗaga shi sama saitin fitila, ta kama gefen mayafi ta fara gogewa a hankali. Aka ga ƙirjin Aradu ya cika da kansa, wuyansa ya kumbura. Ya yi wuf ya toshe bakinsa da hannu biyu, ido ya firfito.

Bai sha wahalar riƙewa da yawa ba. Wannan karon ɗakin ya yi masa aikin.